Mindar kakana da na sayar wa mai gwangwan

Assalamu alaikum jama'a. Na jima ina son rubuta wannan labari, sai in fara in goge, in fara in goge, don akwai inda in na zo ƙirjina yake min nauyi. Amma tunda mutane sun yi ta tambayata wai me ya kai ni tara tsofaffin mindodin soja, ni da ban taɓa sa kaki ba ko na kwana ɗaya, wasu ma har cewa suke ko wani abu ake cirewa a ciki, to bari yau in faɗa kowa ya ji daga bakina.

Kakana na wajen uba tsohon soja ne, cikin mazan jiyan da suka je yaƙin Bama, wato ƙasar Myanmar ta yanzu, lokacin yaƙin duniya na biyu. A unguwarmu a Zariya ba mai kiran sunansa, Baba Soja kawai ake cewa, mu kuma jikoki Kaka. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, kuma abin da kowa ya san shi da shi shi ne ba ya iya juya wuya, in ka kira shi daga gefe sai dai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Ni ne abokin wasansa, kullum rigimarmu ɗaya ce, wai zan ƙwace masa mata, ita kuma Iya tana biye mana tana ce min maigida, ta ce ai ta gaji da wannan tsohon. Mindodinsa guda uku ne, biyu masu siffar tauraro ɗaya kuma zagayayyiya fara kamar babban sule, suna cikin wani gwangwanin alewa a can ƙasan adakar Iya. Sau ɗaya a shekara yake fito da su, in 15 ga Janairu ta zagayo ranar tunawa da mazan jiya, ya goge su da tsumma ya maƙala a ƙirjin rigarsa ya fita, da yamma ya dawo ya cire ya mayar. Ban taɓa jin ya ba da labarin yaƙi ba, in ka matsa masa sai ya ce ruwa ne da sauro da tudu, shi ke nan.

Allah ya yi masa rasuwa da daminar 1989, ina ɗan shekara goma.

Shekarar da ta biyo baya aka yi gasar cin kofin duniya a Italiya, wadda Kamaru ta doke Ajantina a wasan farko, duk yaran unguwa kowa ya zama Roger Milla, mu kuma ƙwallonmu ta tsumma ce da leda. Muka ce sai mun haɗa kuɗi mun sayi ta gaske. Ni ba ni da ko sisi. Akwai wani mai gwangwan da yake ratsa layinmu da kurarsa yana sayen tsohon ƙarfe da dalma da fasassun tukwane, rannan Iya ta tafi gidan suna, na buɗe adaka na ɗauko gwangwanin. Wani abokina ya ce ƙila ma zinare ne mu gwada, muka ɗora ɗaya daga cikin taurarin a kan dakali na sa dutse na buga, tsini ɗaya ya lanƙwashe ya yi ciki. Ba zinare ba ne. Mai gwangwan ya jujjuya su a tafin hannu, ya fizge ƙyallayen ya yar a kwata, ya jefa ƙarafan cikin buhu, ya ba ni abin da ko rabin kuɗin ƙwallon bai kai ba. Wallahi har yau ina ganin ƙyallen nan mai ja a tsakiya yana tafiya a ruwan kwata.

Iya ba ta gane ba sai da Janairu ta zo, ta ɗauko gwangwani don ta goge su kamar yadda yake yi, ta ji shi fayau. Ba ta tara mutane ba, ba ta gaya wa Babanmu ba, ni kaɗai ta kira ɗaki don ta san ni ne mai shiga adakarta. Na faɗa mata gaskiya ina kuka ina jiran duka. Ba ta taɓa ni ba. Ta daɗe tana kallon gwangwanin sannan ta ce, maigida, da wuyansa fa ya samo su. Iyakar abin da ta ce kenan, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da maganar ba. Da duka ta yi min da tuni na manta.

Ban fahimci maganar wuyan nan ba sai a 2008 da ita ma ta rasu. Ana fito da kayan adaka don rabo, a ƙarƙashin zannuwa aka samu wani ƙulli, leda cikin leda cikin tsohon ɗankwali. Littafin sallamarsa ne daga soja, takardun sun yi ja sun yi laushi kamar za su narke, da wani ɗan ƙyalle da ake ɗinkawa a kafaɗar riga, an zana masu guda biyu sun gitta juna, a tsakiyarsu wani abu zagayayye. Ba wanda ya damu da su, ana ta batun atamfofi da kwalla, na ce a bar min, aka ce ɗauka.

Na kai wa wani dattijo tsohon samanja da muke sallah masallaci ɗaya. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna min zagayayyen abin nan ya ce ɗana ka san ko mene ne wannan? Na ce a'a Baba. Ya ce gammo ne. Tambarin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma kenan, masu biyu da gammo, kuma abin da littafin ya nuna kakanka yana cikin rukunin masu ɗaukar kaya ne. Ya ce a dajin Arakan ba hanyar mota, wani wurin ko alfadari ba ya iya hawa, to harsashi da abinci da magani da sassan igwa da na'urar waya duk a ka ake ɗaukarsu, jirgin sama ya jefo kaya daga sama su kuma su tsince su ɗora a ka su bi masu bindiga tudu da gangare da rafi, da yawansu ba abin da ke hannunsu sai adda, ga Japanawa a cikin duhuwa. A nan zaune a kan tabarmar dattijon nan na gane abin da ya sa Kaka ba ya juya wuya. Na kasa tashi. Sai da ya ba ni ruwa.

Daga ranar na shiga nema. Da farko wautata ta ba ni cewa zan iya gano ainihin nasa, tunda ina da lambarsa ta soja a littafi, na ɗauka ai za a rubuta a jikin mindar. Sai na zo na tarar da abin da ya fi komai ƙona min rai a wannan harka: mindodin yaƙin duniya na biyu da Ingila ta raba wa sojojinmu ba a buga sunan kowa a jikinsu ba. Bayan taurarin a shafe yake sumul. Tauraron Bama na kakana da na wani Bature daga Landan da na wani ɗan Gambiya duk abu ɗaya ne, tagulla mai tsini shida, da tambarin Sarki Joji na shida a tsakiya da kambi a samansa. Wato ko da mai gwangwan bai kai su an narkar ba, ko da suna nan a wani wuri, ba abin da zai ce na wane ne. Sai dai tsinin nan da na lanƙwasa da dutse.

Na farko da na saya a Kano ne, wajen masu kayan gargajiya a kasuwar Kurmi, cikin wata tasa da aka tara tsofaffin kuɗi, anini da ɗari da kobo mai huji, sai ga tauraron Bama a ciki ba ƙyalle. Hannuna har rawa yake na ɗauka na bi tsinayen ɗaya bayan ɗaya. Duk lafiyarsu ƙalau. Na san ba shi ba ne amma na kasa mayar da shi cikin tasar, sai na ji kamar in na bar shi wani yaron ne zai zo ya buga masa dutse. Na biya na sa a aljihu. To haka abin ya fara, ba wai na zauna na tsara zan zama mai tarawa ba.

A hankali na koyi karanta ƙyalle, don ƙyallen shi ne harshen minda. Na Bama ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Na tauraron 1939 zuwa 1945 kala uku ne, shuɗi mai duhu na sojan ruwa, ja na sojan ƙasa, shuɗi mai haske na sojan sama. Tauraron Afirka kuma kalar rairayi ne da ja a tsakiya, shi ne za ka samu wajen waɗanda suka yi yaƙi da Italiya a gabashin Afirka, irin sojojin Najeriya da suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 suka wuce har Habasha. Zagayayyiyar farar nan da na ce kamar sule ita ce mindar yaƙi ta gama-gari, a bayanta zaki ne ya taka wani dodo. Ukun Kaka kenan, tauraron 1939 zuwa 1945, da na Bama, da wannan. Kuma sai da na shiga harkar na gane cewa tarihin nan a gabanmu yake kullum muna wucewa ba mu sani ba. Barikin Chindit da ke nan Zariya inda ake horar da kurata, sunan dakarun Janar Wingate ne da aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944, kuma akwai bataliyoyi uku na Najeriya a cikinsu. Barikin Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan a Legas, duk sunayen wurare ne a Bama inda mutanenmu suka zubar da jini. Myohaung ɗin nan a Janairun 1945 aka kama shi, runduna ta 81 da ta 82 suka haɗu a kansa, kuma ina kyautata zaton Kaka yana wajen da kaya a kansa. Ita ta 81 tambarinta baƙin gizo-gizo ne, ina da guda ɗaya na ƙyalle, yarana suna ce masa Gizon Baba.

Waɗanda suka fi shiga raina su ne na yaƙin duniya na farko, saboda su akwai suna. In ka juya gefen mindar, a kan kaurinta, za ka ga an buga lamba da muƙami da suna da rundunar mutum da ƙananan haruffa. Guda biyu gare ni, ɗaya ta azurfa mai mutum a kan doki, ɗaya ta tagulla mai ƙyalle kalar bakan gizo. Kuma yadda Turawan suke rubuta sunayen, sunan yanka ne kawai sai sunan gari, wane Katsina, wane Bauci, wane Sakkwato, ba sunan uba. Waɗannan su ne aka tura Kamaru daga 1914 suka yi ta fama da Jamus a Garwa da dutsen Mora har 1916, daga nan aka kwashe wasu a jirgin ruwa zuwa gabashin Afirka. Na azurfar sun yi wuya yanzu don maƙera sun narkar da da yawa an yi zobba da awarwaro. Wani lokaci da daddare in na fito da tawa sai in karanta sunan a fili in yi masa addu'a, don ban sani ba ko akwai sauran mai ambatonsa a duniya.

Akwai guda ɗaya da na riƙe a hannuna na kasa saya, kuma ba don kuɗi kaɗai ba. Wani dillali ne ya kira ni ya ce ga wata ta musamman. Azurfa ce da kan Sarki Edward na bakwai, a jikin ƙyallen an saƙala wani ɗan ƙarfe an rubuta Arewacin Najeriya 1903. Duk wanda ya san tarihi ya san me aka yi a 1903, a Fabrairu aka fasa Kano, a Maris aka ci Sakkwato, a Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi tare da ɗimbin jama'ar da suka bi shi. Na juya gefenta, sunan Bahaushe ne. Wato ladan da aka ba shi kenan na harbin 'yan uwansa. Na daɗe a tsaye ina jujjuya ta, zuciya ɗaya tana cewa wannan ai ita ce tarihin ma, ɗaya tana cewa ba za ta kwana ɗaki ɗaya da littafin Kaka ba. Ban zagi mai ita ba, ban san me ya kai shi ba, ko yunwa ko bauta ya gudo wa ko tilas aka yi masa, Allah ne ya san tsakaninsu. Na ɗauki hotonta na rubuta abin da ke gefen a littafina na mayar masa. Har yanzu wani lokaci ina jin da na karɓa, wani lokaci ina jin gara da na bari.

An cuce ni kuma, ba sau ɗaya ba. Akwai jabu da yawa, wasu an zuba su a ƙasa kamar yadda ake zuba tukunyar dalma, in ka duba da gilashin ƙara girma za ka ga ƙananan ramuka kuma rubutun ya cushe, kambin ba ya fita tsaf, nauyin ma ba ɗaya ba. Sai an sha ka sau biyu sau uku kafin hannunka ya gane. Ni ma da kaina na lalata wata da toka da lemon tsami wai ina so ta yi ƙyalli, na cinye mata fuska, tun daga nan ba na goge komai sai da busasshen tsumma mai laushi, kuma da damina nakan fito da su su sha iska don danshi yana sa tagulla ta yi kore, ƙyalle kuma asu ne maƙiyinsa. Sai kuma masu zancen makyuri, wani sinadari mai tsada da suke cewa wai yana cikin tsofaffin ƙarafa, irin waɗanda suke bin tsohon dutsen guga da keken ɗinki, su ma sun shigo harkar sun ɓata ta, ka je gidan tsohon soja jikoki su ce an gaya musu miliyoyi ne a ciki. Ba komai a ciki wallahi, tagulla ce zalla, kuma tauraron Bama shi kaɗai ba takarda ba wani kuɗin kirki yake yi ba ko a Turai don an buga su da yawan gaske. Takardar ita ce darajar, ita ce take mayar da ƙarfe ya zama mutum.

Uwargidana da farko ba ta so, tana cewa kuɗin cefane nake kaiwa ga tarkacen ƙarafa, kuma tana da gaskiya don akwai watan da na yi abin da bai kamata ba. Ranar da na zaunar da ita na ba ta labarin mai gwangwan da maganar Iya, ba ta ce komai ba, bayan kwana biyu na dawo na tarar ta ɗinka min ƙananan jakunkuna na farin yadi, kowace minda da tata.

Abin da ya sauya min tafiya gaba ɗaya ya faru ne shekaru kaɗan da suka wuce. Aka yi min kwatancen wata tsohuwa a wani ƙauye ta hanyar Funtuwa, mijinta tsohon sojan yaƙin Bama ne ya daɗe da rasuwa, jikanta yana so ya sayar da kayan ya haɗa kuɗin babur. Na je. Ta fito da su a ƙullin zane, minda huɗu da ƙyallayensu na asali, da littafin sallama, da hoton mijin da jar dara da gajeren wando yana tsaye ƙyam. Cikakken kaya irin wanda duk mai tarawa yake mafarki. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa yana ƙirga kuɗin a zuciyarsa, ita kuma tana miƙo min amma yatsunta ba su saki zanen ba. Na dubi yaron na ga kaina. Na ce Iya ki mayar, ba zan saya ba. Na zauna da shi a zaure na karanta masa littafin kakansa layi layi, ranar da ya shiga, bataliyarsa, ranar da aka sallame shi a 1946, na gaya masa yadda suka dawo aka biya su kuɗin sallama ƙasa da na Turawan da suka sha wuya ɗaya, har a Accra aka harbe uku daga cikin irinsu ranar 28 ga Fabrairun 1948 don kawai sun fito neman haƙƙinsu. Na gaya masa abin da na yi ina ɗan shekara sha ɗaya. Na ba shi ɗan abin da ke aljihuna ba a matsayin ciniki ba, na ɗauki hoton komai da izininta na tafi. Ko ya sayar daga baya ko bai sayar ba, ranar dai sun kwana a ɗakinta.

Tun daga lokacin ƙa'idata kenan, duk mindar da take gidansu da masu ita ba na raba ta da su, hoto nake ɗauka in rubuta labarin in nuna musu yadda za su adana. Wadda nake saya ita ce wadda ta riga ta ɓata, ta tasar 'yan koli da buhun 'yan gwangwan. Akwai kuma shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila a intanet, kana sa suna ko lamba zai nuna maka, na taimaki gida biyu sun gano nasu da bai dawo ba, sunansa yana jikin bangon tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda aka rubuta sunayen kusan mutum 27,000 da ba a san kabarinsu ba. Wata dattijuwa da na nuna wa sunan babanta a waya, ba ta iya karatun boko ba, ta karɓi wayar ta shafa gilashin da yatsa ta ce ashe dai an rubuta.

Yanzu taurarin Bama goma sha ɗaya gare ni. Littafin Kaka da ƙyallen gammo suna cikin akwati daban, na bar gurbi uku a gefensu ban sa komai ba, duk da ina da irinsu da zan iya cikewa ba wanda zai gane. Ƙaramin ɗana ya taɓa tambayata, Baba wanne ne na Kakanmu a ciki? Na ce babu shi tukuna. Jiya da daddare wani mai gwangwan da na bar wa lambata a Kaduna ya kira ni, ya ce an kawo masa buhu daga wani tsohon gida da aka rushe, akwai tauraro ɗaya a ciki amma ya ɗan lanƙwashe, ko ina so duk da haka. Na ce ya ajiye min kar ya gyara kar ya goge, ranar Asabar in Allah ya kai mu ina hanya.